Hirar Bazara da Yawon Iyali a Gabashin Sakkwato

 Ina gaida manoman albasa da tafarnuwa na fadamar Wurno, ina gaida mutanen Rabah da Gandi, ina gaida Sarkawan bakin dam a Goronyo, da duk wanda muryar nan ta iske shi bisa tabarma yana fifita. Sannunku da zahi.

Yau ba farashin taki zan taɓo ba, ba kuma siyasa ba, ko da yake da wuya mu rabu ba mu gogi gefenta ba. Maganar shaƙatawa na zo da ita: fita da iyali, yawon yini guda, da hirar dare da abokai a wannan lokaci na bazara. Na san akwai dattijon da zai muskuta ya ce, "Malam, ana ta kai wa yake ta kaya?" Ka yi mini haƙuri, Baba, ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci. Ni a ganina wannan magana ta kai ce, ba ta kaya ba.

Kowace ƙasa da lokacin hutunta. Mutanen Ingila da Faransa sukan jira watannin Yuli da Agusta, lokacin da sanyi ya sake su, su kwashi 'ya'ya su nufi bakin teku. Makarantunmu na boko ma dogon hutunsu daga ƙarshen Yuli yake kamawa zuwa Satumba. To amma ka je Kwargaba ko Shinaka cikin Agusta ka ce wa magidanci ya ɗauki iyali yawon buɗe ido, ka ji amsar da zai ba ka. Damina ta yi tsaka, ciyawa tana tsere da gero, gulbi ya cika ya batse, hanya ta zama laka, yaron da aka ba hutu gona ke jiransa. Mu namu sararin yana tsakanin Maris ne da faɗuwar ruwan shuka. An cire albasa an zuba a rudu, ɗan kuɗi ya shigo hannu, 'yan ci-rani sun fara dawowa gida, bukukuwan aure sun kankama. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan Sallah ma cikin zafin take faɗowa: ƙaramar Sallah ta 2024 cikin Afrilu aka yi ta, ta 2025 a ƙarshen Maris, babbar Sallah kuwa duka shekarun biyu cikin Yuni.

Zafin kuma ba na wasa ba ne. Cikin Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, kuma ba abin labari ba ne a wurinmu. Ɗakin da aka rufe da kwano yakan yini yana shan rana, da dare ya riƙa amayar da ita. Wa zai shiga? Shi ya sa tun kaka da kakanni daren bazara a waje ake yinsa. Maza ƙofar gida, mata tsakar gida, yara dandali. Zafin da ke korar mutum daga ɗaki shi ke haɗa shi da maƙwabcinsa.

Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san yadda abin yake. Ana sallame Isha'i sai a aiki yaro ya yayyafa ruwa a ƙofar gida, ƙura ta kwanta, ƙasa ta saki wannan ƙamshi nata. A shimfiɗa tabarmi. Mafi ƙarancin shekaru a majalisa shi ne mai shayi, babu gardama a nan. Ya jawo kurfoti, ya hura gawayi, ya ɗora 'yar butarsa da ta yi baƙi ƙirin, ya zuba ganye da kanumfari da citta. In ya tafasa sai ya ɗaga buta sama ya tsiyayo cikin ƙaramin kofi, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta tashi ta tsaya. Na farko ɗaci gare shi, na manya ne. Kafin a kai na uku hira ta yi nisa. Can gefe an naɗe kankana cikin jiƙaƙƙen buhu tun la'asar don ta yi sanyi. Rediyo na gefen filon wani yana ta magana ba mai kula shi, sai in an sako Narambaɗa ko Ɗan Anace, nan ne za ka ji an ce, "Kai, ƙara muna sauti!" Wani dattijo ya iso da sandarsa, a tashi a ba shi wuri.

"Kawu, an wuni lahiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ɗana. Wanga zahi dai sai addu'a. Nawa anka sai da buhu yau Achida?"

Daga wannan tambaya sai magana ta ɓalle, daga albasa zuwa kuɗin mai, daga nan zuwa wanda zai je neman aure da wanda ya sayar da bijiminsa ya yi nadama.

Wanda bai sani ba sai ya ce zaman banza ne. Alhali a kan wannan tabarma ake jin wane yana kwance asibiti, a yi karo-karo a aika masa. A nan ake sa ranar gayyar gyaran rijiya. A nan ake kiran 'yan'uwa biyu da iyakar gona ta shiga tsakaninsu, a yi musu faɗa cikin raha, su tashi sun yi musabaha, maganar da in ta kai gaban alƙali sai an sayar da gonar kafin a gama shari'a. Saurayin da ke hura gawayi kuwa ba shayi kaɗai yake dafawa ba. Yana ji yadda manya ke magana, yadda ake musu ba zagi, yadda ake ba da labarin yunwar da aka yi da ambaliyar da aka gani. Babu makarantar da ke koyar da wannan.

A cikin gida ma haka. An gama tuwo, an wanke kwanoni, Inna ta miƙe ƙafa, jikoki sun kewaye ta, Gizo da Ƙoƙi sun fito. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga an ce mata ta zagayo, ana kitso da hasken fitila ana lissafin adashi. In farin wata ya fito, sai ka jiyo tafin 'yan mata daga dandali suna gaɗa, samari suna langa, ƙura na tashi. Uwa ba ta damu ba don 'yarta ta kai ƙarfe goma a waje, ta san inda take, ta san kuma duk babban da ya gan ta ubanta ne.

Ba zan yi wa majalisa kwalliyar da ba ta da ita ba. Akwai wadda ba a komai cikinta sai cin naman mutane. Akwai magidancin da tun Magariba in ya sa ƙafa ya fita, matarsa ba ta sake ganinsa sai ƙarfe ɗaya, ya buga ƙofa ya tashi yara daga barci, da asuba kuma a rasa shi a sahu. Ya san sunan kowane ɗan ƙwallo na Ingila da Sifaniya, amma bai san ajin da 'yarsa take ba. Malamai sun daɗe suna gaya mana cewa hira bayan Isha'i ba abin so ba ce, sai in ta ilimi ce, ko ta baƙo, ko ta mutum da iyalinsa, ko wata maslaha ta jama'a. Ku lura da wannan ta iyali. Da yawanmu mun ɗauki hirar abokai wajibi, ta gida kuwa nafila. Sai kuma waya da ta zo ta ƙara nata: mutum shida bisa tabarma ɗaya, kowa fuskarsa na haske, ba mai ce wa wani uffan.

Amma ba waya ce ta naɗe tabarmar a yankinmu ba. Kowa ya san abin da ya naɗe ta.

A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, aka rasa rayuka sama da 30, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi gudun hijira. A watan Satumban 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Mutum ya riƙa shiga mota yana neman inda zai samu sabis don ya gaida mahaifiyarsa. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha da kanta ta ce mutum 43 suka rasu. A ƙarshen Nuwamban 2025 aka shiga Chacho ta ƙasar Wurno cikin dare, aka tafi da amarya da ƙawayenta. Ku tsaya ku dubi wannan na ƙarshe, jama'a. 'Yan mata sun taru gidan ƙawarsu, an sa lalle, ana dariya ana tsokanar amarya, irin zaman da iyayenmu mata suka yi, kakanninmu suka yi. Wace uwa ce bayan wannan za ta ce wa 'yarta, "Je ki kwana gidan biki"? Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya kuɓutar da duk wanda ke hannu.

A ƙauyuka da dama yanzu in rana ta faɗi ba zancen shimfiɗa tabarma ake ba. Wasu mata da yara tun la'asar suke kama hanyar gari mafi girma su kwana, da safe su dawo. Wasu na kwana ɗaki cikin wannan zafi, ƙofa a kulle, fitila a kashe, yaro na kuka ana toshe masa baki. Ga zafi, ga cunkoso, a lokacin da ma'aikatan lafiya ke ta gargaɗin a guji cunkoso saboda sanƙarau. Inda kuma ake iya zama, hirar ta canza. Da can majalisa ce wurin da mutum ke faɗin, "Alhamdu lillahi, bana na samu buhu kaza." Yau wa zai faɗa? Kowa na tsoron mai kai rahoto. Ka sayar da shanu ka ɓoye wa amininka, ɗanka ya aiko da kuɗi daga Legas ka yi shiru, baƙo ya zauna a gefen tabarma kowa ya kama bakinsa har ya tashi. Wannan ɓarna ba ta shiga lissafin da ake karantawa a labarai. Ana ƙirga gawa, ana ƙirga shanu, ana ƙirga kuɗin fansa, amma ba wanda ke ƙirga amanar da ta mutu tsakanin maƙwabta.

Shi ya sa nake cewa, in jami'i ya zo ya gaya muku tsaro ya inganta, ku gode masa, ku yi masa addu'a, don akwai sojoji da 'yan sanda da askarawa da suka ba da rayukansu a dajin nan, kuma ba mu manta ba. Amma ma'aunin da talaka ke aunawa da shi daban ne. Shin 'yan mata sun koma gaɗa a dandali? Shin an yi kamun amarya an watse lafiya ba tare da an sa masu gadi a bakin gari ba? Shin mai tsire ya kai sha biyun dare wutarsa na ci? Ranar da amsar ta zama e a Tabanni da Chacho da ƙauyukan da ke bayan dam, ranar ce za mu yarda.

To, kafin wannan rana sai mu naɗe hannu, yara su tashi ba su san komai ba sai labarin gudu? A'a. In dare ya gagara a wasu wurare, rana tana nan, kuma akwai hanyoyin da ake bi kullum a je kasuwa a dawo. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu da muke zaune a tsakiyar tarihi mu ne ba mu ɗauke shi abin kallo ba. Mai hali in ya tashi fitar da iyali sai ya ce Kano, sai Abuja, sai gidan zu da shagunan zamani. Marar hali ya ce ai yawo na masu kuɗi ne. Dukansu biyu sun tsallake abin da ke ƙofar gidansu.

Ɗauki Wurno. Daga birnin Sakkwato tafiyar ba ta fi ta awa guda ba in hanya ta yi kyau. A tashi bayan Asuba tun iska na da sauran sanyi. Uwargida ta dama hura ta cika jarka, an yi datun zogale da ƙuli, an ƙulle hoce a leda, an tsaya a hanya an sayi mangwaro. A isa hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cire takalma, a yi sallama, a yi masa addu'a kamar yadda shari'a ta koyar, ba tare da an wuce gona da iri ba. Sai a samu inuwa a zauna. Nan ne yaro zai ja rigar ubansa ya ce, "Baba, shi wanga da ke kwance nan, mi ya yi?" Wannan tambaya ita ce ribar tafiyar duka. Ka gaya masa ɗan Shehu Usmanu ne, ya riƙi sarautar Musulmi daga 1817 har rasuwarsa a 1837, malami ne da ya rubuta littattafai masu yawa, cikinsu har da Infaƙul Maisuri wanda masu tarihi ke dogara da shi har gobe. Ka gaya wa 'yarka cewa ƙanwarsa Nana Asma'u ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauye, don ta san cewa fitar mace neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ka ƙara musu da cewa a watan Afrilun 1853, cikin irin wannan zafi, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya shafe makonni a garin, ya rubuta abin da ya gani har mutanen Turai suka karanta.

Akwai kuma abin da ya kamata manya su ma su ji a wannan ziyara. Me ya fitar da Bello daga Sakkwato, birnin da shi ya gina, ya zo ya zauna Wurno? Ribaɗi ya kafa. Ta wannan fuska hare-hare ke zuwa a lokacin, sai shugaba ya ɗauko kansa da iyalinsa da malamansa ya tare a bakin iyaka, ya zaunar da jama'a, ya ƙarfafa noma da sana'a, don waɗanda ke bayansa su yi barci. A nan ya zauna har ajali ya same shi, shi ya sa kabarinsa ke Wurno ba Sakkwato ba. Ban ce gwamna ko ɗan majalisa ya kwaso kayansa ya dawo Goronyo ba. Amma wanda jama'ar gabas suka zaɓa, in ya zo ya kwana biyu cikinsu ba jiniya, ya zauna bisa tabarmarsu ya sha shayinsu, zai ji abin da ba za a taɓa rubuta masa a takarda ba.

Rabah ma kusa take, ta fi Wurno kusa da birni. Yara da yawa sun san hoton Sardauna a jikin takardar naira 200, sun ji sunan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, amma ba su san cewa a Rabah aka haife shi ba. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin garin, kakansa kuwa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello. Bayan ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 ya dawo ya zama hakimin Rabah, a 1938 aka naɗa shi Sardauna, daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa har aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966. Ka kai ɗanka ya tsaya bakin gulbin da ke wucewa ta Rabah, ya ga gari ne irin nasu, da awaki da rumbuna da jakuna. Yaron ƙauye yana buƙatar ya gani da idonsa cewa daga irin wannan wuri mutum kan tashi.

Sai dam ɗin Goronyo, wanda ni a wurina ya fi ko'ina daɗin zama in zafi ya tsananta. Yana gabas da garin Goronyo, kusa da Keta, wajen kilomita 90 daga Sakkwato. An kammala shi a 1984 a kan gulbin Rima. Tsayinsa mita 21, tsawon bangonsa ya haura kilomita 12, kuma an yi shi ne don ya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 900. Ruwan Bunsuru da na Gagare da na gulbin Maraɗi duk nan suke taruwa. Shi wannan na Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya, ba wanda ya tambaye shi fasfo. Yaron birni da ke buɗe famfo a Sakkwato bai san cewa da wannan ruwa aka dogara ba. Manya kuwa ba su manta da Satumban 2010 ba, lokacin da ruwa ya yi ambaliya ya cinye garuruwa da gonaki, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba su manta da 2018 ba, da ruwan ya janye har aka ce bai fi kashi 10 cikin 100 ya rage ba. A bakin ruwan nan iska daban take. Ka ga masunta suna jawo koma, ka ga tarwaɗa da karfasa suna motsi cikin kwando, ka yi ciniki a soya maka nan take a barbaɗa yaji. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ido ba ya kaiwa ƙarshensa ba, zai shekara yana ba abokansa labari.

Ga wani abin da ko malaman makaranta ba kowa ya sani ba. Masana duwatsu sun tabbatar da cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki namu. A tsaunukan ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare, kuma a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Su kansu shimfiɗun duwatsun an sa musu sunayen garuruwanmu, Taloka da Dukamaje da Wurno, ɗaliban jami'a kuma kan zo har nan su duba su. Wato akwai yaro a wata ƙasa da ya san sunan Goronyo ta cikin littafi, ɗan Goronyo kuwa yana kiwon awaki bisa dutsen bai san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Malaman sakandare, wannan yawon yini guda ne da ba ya cin komai sai takalmi da gorar ruwa.

Sai dai fa a yi da hankali. Kada wanda ya ji ni ya ɗauki iyali ya kama hanya bai tambaya ba. Ka kira ɗan'uwanka da ke can, ka tambayi direbobin tasha, su suka fi kowa sanin hanyar da ke biyuwa yau da wadda ba ta biyuwa. In an ce a dakata, a dakata. Dam ba zai gudu ba. A tafi da safe, a juyo tun kafin La'asar ta yi sanyi, kada a yi tallar tafiya a Facebook tun jajibiri. A ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zato, a sa wa yara hula, tsoho da mai ciki a ajiye su inuwa. Kada a bar yara su faɗa ruwa don an ga 'yan gari na iyo. Su sun san inda rami yake, kuma ruwan da ke kwance shi ke kawo tsargiya, wadda wasu har yau suke ɗauka alamar balaga ce alhali cuta ce mai magani a asibiti. Jirgin ruwa kuwa, in ba rigar kariya, ko an cika shi ya wuce kima, a haƙura. Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife a watan Agustan 2025 ɗauke da mutum sama da 50 a hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo ba.

Na san maganar kuɗi na nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama. To, ai ba dole sai gida ɗaya ya ɗauki nauyi ba. Gida uku su haɗa su yi shatar bas guda, kowa ya zo da abincinsa. 'Yan majalisar hira da ke tara kuɗin shayi da na kallon ƙwallo, in suka ware na wata ɗaya ya isa. Wanda ma bai iya wannan ba, ya ɗauki yaransa da yamma ya kai su garkarsa ta fadama, su ga yadda injin ban-ruwa ke aiki, su tsinki tumatir su ci da gishiri, su biya gidan gwaggonsu su gaishe ta. Zumunci a ƙafa yake. Kuma don Allah, 'yan'uwana magidanta, in an tashi tafiya kada a cika mota da 'ya'ya maza a bar mata da 'yan mata da wanke-wanke. Ita da ta tashi tun duhu ta dama hurar, tana da haƙƙin ta ga inda za a sha ta. Akwai matar da ta shekara ashirin a Wurno ba ta taɓa ganin dam ba, kuma ba ƙi ta yi ba, ba a taɓa ce mata ta shirya ba ne.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, da uwayen ƙasa, da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima mai kula da dam: abin da iyali ke nema a wurin ziyara ba shi da yawa. Rumfa mai inuwa, ruwan sha, makewayi na maza da na mata, allo da aka rubuta tarihin wurin da Hausa, boko da ajami, da saurayi ɗan gari da aka koya wa yadda zai yi wa baƙi bayani ya samu na cefane. A sa jami'an tsaro a hanya ranakun Sallah da ranakun kasuwa, a tilasta rigar kariya a kowace mashiga ta jirgin ruwa. Fitila mai aiki da hasken rana guda biyu a dandalin gari ba za ta karya asusun kowace ƙaramar hukuma ba.

Ku kuma masu sauraro, wanda garinsa ke da sauran kwanciyar hankali, ya shimfiɗa tabarmarsa yau da dare, ya ajiye waya, ya kira maƙwabcinsa. In akwai ɗan gudun hijira a unguwarku, a matsa masa wuri, a miƙa masa kofin farko. Kafin ruwan shuka ya sauka, a sa rana guda a fita da iyali.